Ɗan Maraya Jos da kirarin da ya kai tashar mota

A al'adar waƙar baka ta Hausa, kirari yana da mazauninsa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yi wa sarakuna, wasu kuma suka bi attajirai, domin a can ne ake samun doki da babbar riga da kujerar Makka. Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, a cikin wannan al'ada ya buɗe ido. An haife shi a Bukuru a 1946, mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan garin ne, kuma da iyayensa suka rasu tun yana ƙarami, sarkin ne ya ɗauke shi ya raine shi. Duk wanda ya ji wannan tarihi zai yi tsammanin a gindin karaga zai ƙare rayuwarsa, amma waƙar da ta fito da shi ta karen mota ce.

Wanda ya taɓa tafiya a motar haya ya san wannan yaro. Shi ne mai kiran fasinja har muryarsa ta dishe, shi ne mai ɗora kaya, idan taya ta yi faci shi zai kwanta a ƙasa, idan mota ta mutu a kan tudu shi zai tura, sannan direba ya zage shi a gaban jama'a. Sunan da aka laƙaba masa ma na raini ne. Ɗaukar kirarin da aka saba yi wa masu rawani a ɗora wa irin wannan yaro, wanda ba shi da ko sisin da zai yi kari, shi ne abin da nake kira gwagwarmayar Ɗan Maraya, ko da yake bai taɓa shahara da jagorantar zanga-zanga ba.

Ina ganin kayan kiɗansa ma sun taimaka masa. Kuntigi ɗan ƙaramin abu ne: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. Shi kaɗai yake kiɗansa, shi yake waƙarsa, ba ya jan rundunar 'yan amshi da maroƙa da za su zuba masa ido da yamma. Makaɗin da ke ciyar da mutum goma dole ya auna bakinsa kafin ya ɓata wa ubangida rai, shi kuwa wanda kayan aikinsa ke shiga aljihun riga yana da 'yancin zaɓar abin da zai faɗa. Da wannan 'yanci ya yi waƙar Auren Dole, inda ya soki iyayen da ke aurar da 'ya'yansu mata ga wanda ba sa so, kuma rediyo ya kai maganar har cikin gidajen da ba mai iya shiga ya faɗe ta baki da baki.

Akwai masu cewa bai cancanci a kira shi ɗan gwagwarmaya ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi, daga baya gwamnati ta ba shi lambobin girma na MON da OON. Bai yi fito-na-fito da masu mulki ba kamar Fela Kuti, wanda sojoji suka ƙona masa gida a Legas a 1977. Sai dai masu wannan suka sun ɗauka zalunci a fadar gwamnati kaɗai yake zaune, alhali talaka ya fi cin karo da shi a tasha da kasuwa da zauren gidan mahaifinsa, kuma a nan ne Ɗan Maraya ya kafa kuntiginsa.

Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, yana da kimanin shekara 69. Tun daga lokacin an yi manyan zaɓuka biyu a Najeriya, a 2019 da 2023, kuma kowanne ya zo da tarin waƙoƙin 'yan takara da aka buga a situdiyo da fiyano, waɗanda aka daina jin yawancinsu kafin a rantsar da wanda aka yi wa. Ɗan achaɓa da mai tura ruwa a kura da yarinya mai tallan gyaɗa suna nan birjik a kowane gari, amma na saurara sosai, ban ji wani fitaccen mawaƙi ya yi musu kirari ba.