Tarin yara ba duka ne sanyi ba

Allah ya saka wa wanda ya rubuta wani labari da na karanta kan yawan tarin yara, musamman inda wani likita ya ce akwai yaran da ake haifa jikinsu bai ƙera isasshen wani sinadarin garkuwa da hanta ke fitarwa, wanda ke manne wa ƙwayoyin cuta tun kafin su yi ƙarfi. Shi ya sa daga wata 6 zuwa shekara 2, lokacin da kariyar da yaro ya samo daga uwa ke raguwa, za ka ga irin waɗannan yara da tari, ciwon kunne, limoniya, ana warkewa ana komawa.

Mu nan Gusau da an ji tari sai a ce sanyi ne ko haƙori, a ruga kemis a sayo sirop, ga hayaƙin itace a ɗaki ga ƙurar hunturu ga tamowa, wallahi abin yana damuna ƙwarai. Iyaye mata don Allah in numfashi ya yi sauri ko ƙirji na lotsawa ciki a tafi asibiti ranar. Kuma allurar rigakafin limoniya kyauta ce, sati 6, 10 da 14 bayan haihuwa ake yi.