Na biya kuɗin EDTA, aka aiko mini gishiri

Shekara huɗu ina haɗa sabulun ruwa a nan Tawa, ban taɓa ganin rainin hankali irin na wannan makon ba. Ruwan rijiyar unguwarmu nauyi gare shi, ƙasar Adar ce, dutsen farar ƙasa ko'ina. Kalsiyum da magneziyum da ke cikinsa su ke kashe kumfa, shi ya sa nake zuba ɗan garin wani sinadari da ake kira EDTA a haɗi, ya kama su ya riƙe, sabulu ya yi aikinsa.

Na aika kuɗi ga wani mai kayan haɗi a Yamai, ya sa mini kilo ɗaya a mota. Farin gari a leda, ko takarda babu a jiki. Na haɗa bokiti uku. Washegari sai ga sabulu ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa, ya yi hazo, maƙwabciyata ta dawo da bidon biyu tana cewa ko kwanon miya bai wanke ba.

Ƙanena da ke karatun kimiyya ya ce, "Yaya, kawo cokali biyu." Ya ɗebi ragowar tsohon garina a ɗaya, sabon a ɗaya, ya ɗora kan gas. Tsohon ya fara fitar da tururi, ya yi launin ƙasa, ya kumbura, ya koma baƙi ƙirin da ƙaurin ƙuna. Ya ce haka na gaskiya yake: ba ya narkewa ya zama ruwa garai, wajen digiri 250 yake ƙonewa ya lalace. Sabon kuwa? Sai ƙara yake ƙas-ƙas, yana tsalle daga cokali, fari fat. Gishirin miya ne aka niƙa, wanda sai ya kai digiri 801 kafin ya narke. Ni kuma dama na riga na sa gishirin da ke sa sabulu kauri a haɗin, wannan ya zo ya yi masa yawa, shi ne ya tsinke.

Na kira mai kayan. Wai, "Hajiya, zafin mota ne ya ɓata shi." Wane zafin mota? Abin da sai digiri 250 yake ƙonewa, rana ce daga Yamai zuwa Tawa za ta mai da shi gishiri? Da na ce zan turo masa hoton cokulan, sai ya kashe waya. Yau kwana uku ke nan ba ya ɗauka, bokitaina na nan a zaure, masu odar biki kuma Asabar suke jira.