Digiri 38 a Tsakiyar Hunturu

A wajen masu gwanjo na Kasuwar Barci ta Kaduna na tsinci agogon. Yana da 'yar fitila a gefe mai haska lokaci da jan rubutu a silin, kana kwance ba sai ka lalubi waya ba. An haɗo shi da wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce sabulun wanka ba, wadda ake ratayewa a waje ta riƙa aiko wa agogon labarin zafi ko sanyi ta iska. Mu a gida ɗan aike muke ce mata.

Asubar farko, cikin Disamba, na buɗe ido na ga silin ya rubuta 59. Uwargida ta leƙo daga cikin bargo ta ce, "Malam, in wannan sanyin shi ne 59, to a Afrilu sai dai a zo a kwashi tokarmu." Ɗan aike bai yi ƙarya ba. Wanda ya riƙe agogon kafin ni ya bar shi a Fahrenheit, ma'aunin Amurkawa. Ka cire 32, ka ninka sau 5, ka raba gida 9, sai ga 15, daidai da rawar ɗarin da muke yi. Akwai ɗan maɓalli a baya mai alamar °C/°F, dannawa ɗaya ta kashe magana.

Bayan kwana uku lamba ta ɓace, sai gajerun layuka a gurbinta. Ma'anar layukan nan, agogo ya daina jin ɗan aike. Laifina ne: don tsimi na sa masa batir mai caji. Batir mai caji bolt 1.2 yake bayarwa, na yau da kullum 1.5, to guda biyu sun tashi 2.4 maimakon 3, sanyin asuba kuma ya ƙara rage musu ƙarfi. Ɗan aike na magana, muryar ce ba ta kaiwa ɗaki. Abin da yake so shi ne sababbin batir alkalin guda biyu iri ɗaya, kada a gama tsoho da sabo. Da na kwance murfin kuma na tarar da farin gari a kan sifirin, gadon tsohon batir da ya taɓa tsiyaya. Auduga da ɗigon lemun tsami suka cinye shi, na bar wurin ya bushe sarai.

Sai batun sake haɗa su, wanda ya fi sulhun kishiyoyi wuya. Za ka cire batir daga duka biyun, ka zare adafta daga bango, ka ba su minti goma su manta da juna. A cikin gidan batir na ɗan aike akwai makunni mai lamba 1, 2, 3. Lambar da ka zaɓa ita za ka nemo a agogo da maɓallin CH. Ka ajiye su a tebur, tazarar mita ɗaya ko biyu. Nawa agogon ake fara kunnawa, sannan a sa wa ɗan aike batir kafin minti uku su cika, don iya lokacin da agogon ke kasa kunne ke nan. Wasu kamfanonin akasin haka suke so, ka gwada duka biyun. In jar fitilar ɗan aike ta ƙifta, lamba ta fito, to ka naɗe hannu minti goma sha biyar. Ni hannuna ba ya zama. Sau huɗu ina danna SET don "in taimaka", sau huɗu ina komawa farko.

Akwai wata ƙiriniya da na daɗe ban gane ba. Cikin dare agogon kan tsaya neman siginar gyara lokaci daga wata tasha kusa da Frankfurt a Jamus. Siginar kilomita wajen 2,000 take kaiwa, mu kuwa mun haura 4,000, amma bawan Allah kullum sai ya saurara, kuma yana cikin sauraron nan ba ya kula ɗan aike. Na shiga saiti na kashe RCC, wato neman siginar nan, na saita lokaci da hannu. Na kuma cika gidan batir na agogon kansa, domin da adafta kaɗai, duk sanda aka ɗauke wuta sai ya farka bai san kowa ba.

Wurin ratayewa ma sai da na sha kunya. Mita 30 da aka rubuta a bayansa lissafin fili ne fetal. Bangon bulo biyu, ƙarfen taga da rufin kwano sun isa su cinye fiye da rabi. Na fara kafa shi a bangon yamma dab da kwano, da la'asar ya ce 46, wato zafin bango yake aunawa, ba na iska ba. Inuwa yake so, sama da ƙasa kamar mita ɗaya da rabi, nesa da janareta da murhu, a tsaye, ƙofofin iskarsa suna kallon ƙasa saboda damina. Turawa na cewa a sa a bangon arewa, amma Kaduna ba Turai ba ce: daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ranarmu ta arewa take ratsawa. Ƙarƙashin rumfa ya fi. Na buga ƙusa a rumfar bayan gida, saman akurki, na rataye shi, aka yi sati uku lafiya lau.

Rannan cikin Janairu, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, silin ya ce 38. Na danna °C/°F, a daidai yake. Ko da a Fahrenheit ne ma, 38 digiri 3 ke nan, ko Jos sai ta yi da gaske. Na zagaya CH ko na maƙwabci nake kamawa, har na fara yi wa mutumin kallon banza a masallaci. Fita bayan gida kuwa sanyi ya hana. Kwana uku ina lura: dare da rana 37 ko 38, sai sau ɗaya da hantsi ya faɗo na kamar minti ashirin, ya sake hawa. Babu yanayin da ke haka, ko a littafi.

Na huɗu na ɗaura rawani na fita. Ƙusa na nan, ɗan aike babu. Iska ta kaɗo shi cikin kwandon da kazar uwargida ke kwanci, ita kuwa ta mirgina shi ƙarƙashinta ta haɗa da ƙwai goma. Minti ashirin ɗin nan lokacin da take tashi ta ci tsaba ta sha ruwa ne. Na miƙa hannu, ta sakar mini sara a bayan yatsa.

"Malam, kada ka tayar mini da kaza," in ji uwargida daga bakin madafa. "Kwana 21 take yi, saura tara."

Haka muka ƙarasa kwanakin, iyali duka a kwance muna duba silin mu ga ko kaza na bakin aiki. Tsaki takwas suka fito. Ɗan aike ne ya ƙi ƙyanƙyashewa, sai da ta ƙara masa kwana biyu kafin ta haƙura.