Ƙwayar tarin fuka da ke yin lamo, da abin da ke tashinta daga barci

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa zama a sashen masu tarin fuka ya san wannan hirar. Majiyyaci ya sha magani wata biyu, tari ya lafa, gumin dare ya tsaya, jiki ya fara murmurewa, sai ya dubi likita ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na samu sauƙi, me kuma ya rage?" A ce masa saura wata huɗu. Ya karɓi maganin ya tafi, wani ya ƙarasa, wani ya jefa shi ƙarƙashin katifa. Mun daɗe muna ba irin wannan mutumin amsa da umarni kawai: sha dai, haka doka ta ce. Alhali akwai amsa ta ilimi, kuma ni a ganina lokaci ya yi da za a fara faɗa wa mutane ita da harshen da suke ji.

Amsar ta samo asali ne daga wata ƙwayar bakteriya da ba ta da wani suna a duniyar cututtuka, Micrococcus luteus, wadda ke zaune a fatar kowannenmu da cikin ƙura. Masu bincike a Jami'ar Aberystwyth da ke Birtaniya tare da takwarorinsu na Mosko, ciki har da Galina Mukamolova da Arseny Kaprelyants da Douglas Kell, sun bar wannan ƙwayar da yunwa na tsawon watanni. Da aka shuka ta a faranti mai abinci, kusan babu abin da ya tsiro, wanda a al'adar ɗakin gwaje-gwaje ke nufin ta mutu. Amma da suka ɗebo ruwan da ƙwayoyi masu ƙoshin lafiya suka rayu a ciki, suka tace shi, suka ɗiga wa waɗannan "gawarwakin", sai ga su sun tashi suna hayayyafa. A 1998 suka bayyana abin da ke cikin ruwan: wani ɗan ƙaramin furotin ne da ƙwayar ke fitarwa da kanta, suka raɗa masa Rpf, wato mai taimaka wa farfaɗowa. Ɗan mitsitsin da ake buƙata kafin ya yi aiki ya sa suka kwatanta shi da irin saƙon da ƙwayoyin jikin ɗan Adam ke aika wa juna.

Wanda ya tashi kusa da fadama ba zai sha wahalar gane wannan ba. Gaiwa takan nutse cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ta lulluɓe kanta, ta yi shiru har rani ya wuce, mai wucewa ta kan busasshiyar ƙasar ya rantse babu rai a wurin. Bambancin kawai, ita gaiwa ruwan sama take jira, ita kuwa ƙwayar tana da almakashin da take yanke mayafinta da shi. Domin da aka duba siffar Rpf sai aka ga ya yi kama da lisozim, sinadarin da ke cikin hawaye da yawu da farin ƙwai, wanda aikinsa shi ne tsinka bangon bakteriya. Ƙwayar da ta yi lamo bangonta kan yi tauri. Rpf ne ke sassauta shi don ta samu damar girma da rabuwa biyu, kuma akwai hujjojin da ke nuna ɓurɓushin bangon da aka yanke shi kansa saƙo ne ga maƙwabta cewa gari ya waye. Wani abin sha'awa ma, da wannan ƙwayar dai Alexander Fleming ya yi gwajin lisozim a farkon shekarun 1920, tun kafin ya kai ga fenisilin.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba zai shafe mu ba. Sai aka duba ƙwayar tarin fuka, Mycobacterium tuberculosis, aka tarar tana da irin wannan furotin har guda 5. Bavesh Kana da abokan aikinsa a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu sun nuna a 2008 cewa idan aka cire mata su duka tana iya girma a kwalba, amma idan ta rasa da yawa daga cikinsu ƙarfinta na sa cuta a jikin ɓera yana raguwa ƙwarai, farkawa ma ta gagare ta. Sai binciken da ya fi ɗaga hankali, wanda Mukamolova ta jagoranta a Leicester ta Birtaniya aka buga a 2010. An karɓi kakin majiyyata 25 kafin su fara magani. A cikin 20 daga cikinsu, kashi 80 zuwa 99 cikin ɗari na ƙwayoyin masu rai ba su tsiro a farantin da aka saba ba, sai da aka zuba musu ruwan da ke ɗauke da Rpf. Ma'ana, tun daga zamanin Robert Koch, wanda ya bayyana wannan ƙwayar a ranar 24 ga Maris 1882, akasarin abin da muke ƙirgawa 'yan tsirarun da ke farke ne.

Nan ne amsar majiyyacinmu take. Magunguna huɗun da ake ba shi a wata biyun farko suna share ƙwayoyin da ke cikin hidimar girma da sauri, musamman isoniazid, wanda ke kai hari kan ginin bango. Ƙwayar da ba ta gina komai kuwa, da wuya irin wannan maganin ya same ta. Su ne wata huɗun baya ke bi a hankali. Sauƙin da mutum ya ji gaskiya ne, sai dai masu barcin suna nan, kuma wanda ya yanke magani ya bar musu gida ne. Ga shi kayan aikin da muke da su ba sa ganinsu yadda ya kamata. Duba kaki da madubin likita sai ƙwayoyi sun kai dubbai a kowace mililita ta kaki kafin a hango su. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ta yi rawar gani wajen gano cutar cikin sa'o'i kaɗan, amma ƙwayar gado take karantawa, ba ta rarrabe mai rai da matacce, shi ya sa ba a dogara da ita wajen cewa an warke.

Sai dai ban yarda da masu zumuɗin cewa an gano bakin zaren ba. Dabarar da ake yawan ambata ita ce a tashe su duka lokaci guda sannan a kashe, magani ya gajarta. A takarda abin ya yi kyau. A huhun mutumin da ke fama da yunwa, ko mai ƙanjamau, ko wanda asibitinsu magani kan yanke a tsakiyar wata, tayar da ƙwayoyin da ba ka da tabbacin gamawa da su tsokanar tsuliyar dodo ne. Wasu sun bi ta ɗaya hanyar, suna neman sinadarin da zai toshe Rpf ya bar ƙwayar cikin barci har abada, wasu kuma sun gwada shi a matsayin rigakafi a jikin ɓeraye. Fiye da shekara 25 ke nan, babu ko ɗaya da ya isa kantin magani. Har ma binciken da aka yi a Johannesburg a 2016 ya nuna akwai ƙwayoyin da ke farfaɗowa da ruwan da babu Rpf a cikinsa, wato ba shi kaɗai ke riƙe da makullin ba.

Abin da ya dame ni shi ne inda ake yin wannan ilimin da kuma inda cutar take. A 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka mutu, kuma Najeriya tana sahun gaba a Afirka wajen yawan masu ɗauke da shi. Ƙwayar tana da dangi iri-iri, Afirka ta Yamma ma tana da nata na musamman da ake kira Mycobacterium africanum, wanda ya fi saura jinkirin girma a faranti. Wa zai auna mana yawan masu barci a kakin majiyyatan Kano ko Maraɗi, idan ba mu ba? Gwajin ba ya buƙatar wata na'ura ta biliyoyi. Yana buƙatar ɗakin gwaji mai tsaro, wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da haƙurin jira makonni, tunda ƙwayar kan shafe sa'o'i 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya. Muna da cibiyar horas da ma'aikatan tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da Zariya, muna da asibitocin koyarwa. Kuɗin bincike ne ba a ware wa irin wannan tambayar.

Akwai kuma abin da ba sai an jira wani sabon bincike ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari nasu ne cutar kan bayyana a jikinsu, galibi cikin shekara biyun farko. Don haka matar mai tarin, da 'ya'yansa, da almajiran da suke kwana zaure ɗaya da shi, su ne a bakin rami ko da babu wanda ya yi ko gyaran murya. Akwai maganin kariya da ake sha sau ɗaya a mako har mako 12. Amma ka ce wa uwa ta ba yaron da ke guje-gujensa magani wata uku, za ta tambaye ka ciwon me yake yi, kuma tana da gaskiya. Ma'aikacin lafiyar da zai iya zama ya bayyana mata cewa ƙwayar na iya kwanciya shiru a ƙirjin yaron, kuma tana da hanyar tayar da kanta ranar da ƙyanda ko yunwa ta karya masa garkuwar jiki, shi ne zai sa ta dawo mako na gaba karɓar na biyu.