An tofa mini yawu, ɗan sanda ya rubuta "cacar baki"

Yau sati uku ke nan abin yana cina a rai. Na taso daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, a wani gari na arewacin Ingila, ina tsaye ina jiran bas, sai wani ƙato ya fizge mini hijabi ta baya. Ya tofa mini yawu a kafaɗa, ya kira ni 'yar ta'adda, ya ce in koma inda na fito. Mutane na kallo, ba wanda ya ce uffan.

Da na isa gida jikina na rawa na buga 101, lambar da 'yan sanda suka ware don abin da ba na gaggawa ba. Na riƙe waya har shayina ya huce. Sai bayan kwana huɗu aka turo wani yaron ɗan sanda da ƙaramin littafi, kuma tambayarsa ta farko wai, "Kin tabbata saboda addininki ne? Ko dai ya bugu ne kawai?" Haba jama'a! Giya ce ta nuna masa hijabina ta ɓoye masa hular mutumin da ke gefena?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙa'idar tasu ce, ba ni na ƙirƙiro ba. Tun da aka kashe Stephen Lawrence, wani matashi baƙar fata, a unguwar Eltham ta Landan a 1993, aka yi wa binciken riƙon sakainar kashi, rahoton kwamitin tsohon alƙali Macpherson na 1999 ya ce idan wanda aka zalunta, ko wani mutum daban, ya ɗauki abin a matsayin wariyar launin fata, to haka za a rubuta shi. Daga baya aka faɗaɗa ya haɗa da addini da naƙasa da sauransu. College of Policing, hukumar da ke tsara horon 'yan sanda, ta fitar da jagora a 2014, ana ta kiran su horo. To ina horon ya maƙale? A ɗakin taro, tare da biskit?

Na san akwai gardama kan abin da suke kira lamarin ƙiyayya da bai kai laifi ba, musamman bayan da kotun ɗaukaka ƙara ta ba wani tsohon ɗan sanda mai suna Harry Miller gaskiya a 2021 kan rubutunsa na Twitter, har aka tsaurara sharaɗin rubuta irin wannan a 2023. Su je can su ƙarata. Ni taɓa jikina aka yi. Tofa wa mutum yawu cin zarafi ne a dokarsu, kuma in aka tabbatar ƙiyayyar addini ce ta jawo shi, hukuncin ya fi nauyi. Amma in tun a littafin farko ba a sa wannan alamar ba, wa zai kai maganar gaban alƙali?

Na roƙi ɗan sandan ya nemi hoton kyamarar shagon da ke daura da tashar. Ya ce zai duba. Da na gaji na je da kaina, mai shagon ya ce na'urar ta riga ta goge na ranar.

Shekaranjiya wasiƙa ta zo: an rufe magana, babu isasshiyar shaida, kuma abin da aka rubuta "cacar baki a bainar jama'a". Cacar baki da wa? Ban ko buɗe bakina ba! Na kai rahoto Tell MAMA, ƙungiyar da ke tattara rahoton cin zarafin Musulmi, na kuma shigar da ƙorafi a rubuce a gyara bayanin. Yanzu tasi nake hawa in na taso aiki, kuɗin awa ɗaya na guminna yana tafiya a kan hanya.