Wai danna-danna ne kawai

Kun dai ga bidiyon, ba sai na maimaita ba. Mawaƙin namu na Bauchi ya kishingiɗa a mota, ya karkata hula, yana shaida wa duniya cewa yaron da ya haɗa masa kiɗa ba shi da bakin neman cikon kuɗinsa, wai ai kwamfuta ce ta yi aikin, shi danna-danna kawai ya yi. Madalla da wannan ilimi! To ranka ya daɗe, tunda abin danna-danna ne, kai ma Allah ya ba ka yatsu goma. Me ya kai ka situdiyon mutane har tsakar dare?

Kwamfuta ba ta kiɗa. Mutum ne ke kiɗa. Manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da yaranmu ke amfani da ita daga Wunti har Yelwa a nan Bauchi, wani kamfani ne a Beljiyam ya yi ta, kuma ita ce dai a hannun ɗan Legas da ɗan Amurka. Buɗe ta ka gani. Fili ne fetal da layuka, babu ko ɗigon sauti. Zauna ka jira ta rera maka, sai ka kwana.

Ni na san yadda kuke zuwa. Mawaƙi ya shigo da baitoci a takarda da wani ɗan gunaguni a maƙogwaro, ya ce "ka ji yadda nake so." Shi ke nan gudummawarsa ga kiɗan. Yaron nan ne zai zauna gaban fiyano yana laluben inda muryarka ta dosa, ya tsayar da saurin kiɗan, ya dasa ganga, sannan ya shiga wahalar kalangu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu a rumfar mahauta ya san cewa a hammata maganar take: ya matse, sauti ya hau, ya saki, ya sauka. Kwamfuta ba ta da hammata. Sai yaron ya bi bugu ɗaya-ɗaya yana lanƙwasa shi da hannu, yana ɗan goce da wani daga kan layi da gangan, don in komai ya faɗa daidai cif, kiɗan sandarewa yake, ƙafar kowa ba za ta motsa ba. Wannan ne danna-danna?

Ga ɗakin kansa, an manna katifa da kwalin ƙwai a bango, an kashe fanka don kada makirfo ya ɗauki ƙararta, zufa na zuba. Ana cikin ɗaukar amshi a ɗauke wuta, ya fita ya ja janareto da man da ya saya da kuɗinsa. In an gama, ya tura waƙar a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi ya kara a kunne, domin ya san a nan da cikin Keke Napep mutanenmu za su ji ta, kuma ƙaramar sifika ba ta fitar da kaurin sauti. Ya koma ya sake gyara. Kai a lokacin ka daɗe da yin barci.

Na san za a cika min ƙasan rubutun nan da "ai Auto-Tune ke gyara murya." Eh, yana gyarawa, kuma wasunku su gode wa Allah da aka ƙirƙiro shi a 1997, in ba haka ba da tuni sun koma sana'ar gado. Wanda ya ƙirƙiro shi ma injiniya ne da ya yi aikin laluben man fetur a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar sauti, irin neman da aka yi mana a Kolmani, iyakar Bauchi da Gombe. Amma a ɗora Auto-Tune ɗin a kan ma'aunin sautin da ba na waƙar ba, a ji yadda zai mayar da kai abin dariya. Wa ke zaɓar ma'aunin? Wa ya san inda za a matsa da inda za a ƙyale? Mutum.

Masu cewa "ai wasu kwafa suke yi," sai ku je ku yi da su, ba da su nake ba. Masu cewa kiɗan gargajiya ya fi, ban musa ba, amma ba shi ake magana ba yau. Tela ma keke ke masa ɗinki, ban taɓa jin wanda ya karɓi babbar riga ya ce keke zai biya ba.

Ku duba na'urar ganga ta TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. Kasuwa ta ƙi ta saboda ba ta yi kama da gangar gaske ba, aka daina ƙera ta a 1983. Da ta yi arha, matasa baƙar fata a Amurka suka tsince ta, suka ji abin da masu kuɗi ba su ji ba. Wannan dum ɗin da ke girgiza gilashin motarka, asalinsa ke nan. Na'urar ba ta canza ba, kunnen da ya same ta ne daban.

Wallahi abin yana min ciwo. Yaran nan babu wanda ya kai su makarantar kiɗa. A YouTube suka koya, da datar da suka tara da ƙyar, a gida ana ce musu 'yan iska, a waje ana ce musu 'yan danna-danna. Waƙa ta tashi, ɗan siyasa ya ba mawaƙi mota, wanda ya gina ta ko sunansa ba a rubuta a jikin bidiyon ba. Ku biya su. Ku ambace su.