Baƙin wuyan yaronki ba dauɗa ba ne

Iyaye mata, in kin ga bayan wuyan yaronki mai jiki ya yi baƙi ya yi kauri, ki ajiye soson nan. Ko kin dirza har ya yi kuka ba zai fita ba. Sau da yawa alama ce jikinsa ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Daga nan ake samun tarin matsalolin da ke tafiya tare: teɓa, hawan jini, suga ya hau, kitse ya yi yawa a jini. Tun 2007 ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta fitar da ma'aunin gane wannan a yara daga shekara 10: in ƙugu ya wuce kima, aka kuma samu biyu daga sauran alamomin, to yaro ya shiga layi.

Mu kuwa me muke cewa? "Tubarkalla, ɓul-ɓul, ya ji gidan daɗi." Ban ga laifin kakanni ba, sun ga tamowa da idonsu, kuma har yau tana cin yara a Arewa. Amma yaron da ya taso cikin yunwa, in daga baya ya faɗa kan lemon kwalba da soye-soye, haɗarinsa ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce ƙa'ida. A 1990 kashi 8 cikin ɗari ne, a 2022 ya kai kashi 20.

Ku dubi ranar ɗan birni. Mota ko Keke Napep ta kai shi boko, a kwandonsa indomi da biskit da lemo. Lemon kwalba na santilita 50 na ɗauke da suga fiye da cokalin shayi goma. Ya dawo, Islamiyya. Ya dawo, waya. Makarantun kuɗi da yawa gidan haya ne aka yanka ajujuwa, ko filin langa babu. Awa ɗaya ta motsa jiki kullum ake so yaro ya samu, a ina zai same ta? 'Yan mata abin ya fi muni, da ta fara girma an hana ta ko 'yar gala-gala. Zoɓo da kunun ayan da muke tutiya da su ma, duba sugan da ake zubawa.

Harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi da Najeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021, a ganina wasa ne, ko kuɗin alawa bai kai ba yau. Abin da nake so shi ne ma'aikatun ilimi su daina ba makarantar da ba ta da filin wasa lasisi, a riƙa auna ƙugu da hawan jinin ɗalibai duk farkon zango, kuma a kori lemon kwalba daga shagon makaranta.